Makullin da Ya Rage a Jakar Yaya Yakubu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina durƙushe a gindin wata mota a harabar ofisoshin gwamnati a Sokode, hannuwana cikin kumfa, wayata ta fara ƙara a aljihu. Ban ɗauka ba, domin a aikinmu ba a barin sabulu ya bushe a jikin fenti. Ta yi shiru, ta sake, ta kuma sakewa. Da na goge hannu na duba, sai na ga Lare ne, mai gadin ofisoshin Dapaong, mutumin da bai taɓa kirana ba sai dai ya aiko gaisuwa.

"Salisu, kai ne? Tsoho ya gama wanke mota, ya zauna, ya ce shi ya gaji. Na tafi kawo ruwa. Na dawo na kira shi, bai amsa ba. An kai shi likita, likita ya ce ya tafi."

Abin da ya fara fita daga bakina ba salati ba ne. Cewa na yi, "Wace mota?"

Ya ce, "Wancan dai. Mota na Musye Alasani."

Sai a lokacin na yi salati. Na ɗauraye motar da ke gabana, na tsane ta, na hau bene na miƙa wa mai ita makullinta, sannan na nufi Zongo in gaya wa Yaya Rabi cewa mijinta, Malam Yakubu mai wankin mota, ya riga mu gidan gaskiya. Da na bar motar nan da kumfa na san da bai yafe mini ba.

Ba ɗan'uwana ba ne na jini, amma Yaya nake ce masa tun ranar da ya ɗauke ni aiki tare da shi. Ɗan gidan mahauta ne, daga cikin tsofaffin gidajen Zongo, sai dai bai gaji wuƙa ba. Ya ce mini tun yana yaro idan ya ga jini abinci ba ya shiga cikinsa. Ya fara da wankin manyan motoci a bakin hanya, waɗanda ke ɗaukar kaya daga Lome zuwa Sinkase, yana hawa kansu da bokiti har bayansa ya fara ciwo. A can ne ya lura da wani abu da kowa ke gani amma ba wanda ya yi tunani a kai. Ma'aikatan gwamnati na ajiye motocinsu a harabar biro, wato ofisoshinsu, tun safe har yamma, motocin na zaune ba aikin komai, masu su kuma ba su da lokacin kai su wanki sai ranar hutu. Ya sayi babur mai ƙafa uku, ya ɗora masa tankin ruwa da ɗan janareta da injin tsotsar datti, ya ce tun da mota ba za ta zo ba shi zai je. Ni a lokacin zemijan nake tuƙawa, ina ɗaukar fasinja a babur, har wata mota ta kwashe ni a mararraba ta bar mini gwiwar da ba ta sake zama daidai ba. Ya same ni zaune a ƙofar masallaci ina tunanin duniya. Ya ce, "Ƙafa ce ta lalace, ba hannu ba. Gobe ka fito da wuri."

Wanda bai yi wannan aiki ba yana ɗauka watsa ruwa ne da goge gilashi. Yaya Yakubu ba ya kiran abin da muke yi wanki ma, gyaran mota yake cewa. Tsumman gilashi daban, na jiki daban, na taya daban, kuma idan ya kama ka ka haɗa su za ka sha magana har azahar. Da tsohon buroshin haƙori yake bin ramukan iska na cikin mota ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya matsar da kujerar direba sai ya sa alli ya yi alama a ƙarfen da take gudu a kai, don ya mayar da ita daidai inda ya same ta. Madubi ba a juya shi, rediyo ba a canja masa tasha. Yakan ce, "Mutum ya shiga motarsa ya ga ta yi tsabta, amma kada ya ji kamar wani ya zauna masa a ciki."

Turare kuwa haramun ne a wurinsa. Akwai lokacin da na sayo wani mai ƙamshin lemo don in burge masu motoci, ya karɓe shi ya jefa a kwandon shara. Ya ce, "Kada ka sa wa motar mutum ƙamshin da bai fito da shi daga gida ba. Ba ka san tambayar da za a yi masa da yamma ba." Haka kuma duk abin da muka tsinta ƙarƙashin kujera, ɗan kunne ne, ƙwayar magani ce, hoto ne, a nan muke barinsa bayan mun share wurin, kuma ba ma maganarsa ko a tsakaninmu. Na yi shekaru ina aiki da shi, ban taɓa jin ya faɗi abin da ya gani a motar wani ba, ko da wasa, ko da mai motar ya ɓata masa rai.

Amma dokarsa babba ita ce ta makulli. Da safe yakan bi ofis ofis yana karɓa, yana zubawa a wata jakar fata da ke rataye a wuyansa, ƙarƙashin riga. Hannun da ya ba shi makulli, a wannan hannun yake mayar da shi. Ba ya ba sakatare, ba ya ba direba, ba ya ba matar mutum. Wani darakta ya taɓa aiko ɗan aikensa ya karɓo masa, Yaya ya ce a'a, ya hau bene da bayansa mai ciwo, ya tsaya a ƙofar ɗakin taro har aka tashi. Daraktan ya fito yana dariya yana cewa wannan tsoho ya fi banki wahala. Ni a ƙasa haushi ya ishe ni, domin motoci biyu na jiranmu a wani wuri, rana kuma ta riga ta take. Da ya sauko na yi masa ƙorafi, ya ce, "Shi ya ba ni. Idan na ba wani, gobe wa zan ce na ba?"

Wannan dokar ce ta ɗaure shi da Dapaong, kuma ita ce ta kai shi can ya rasu.

Ma'aikatan gwamnati ba sa daɗewa wuri ɗaya. Wasu daga cikin waɗanda muke wa aiki aka mayar da su Dapaong, suka riƙa kiransa suna cewa a can ba wanda ya iya abin da yake yi. Sai ya fara zuwa duk ƙarshen wata, shi kaɗai, ni ina riƙe Sokode. Ya ajiye bokitai da tsummoki a ɗakin Lare, yakan shiga motar haya ya bi ta Kara da Mango, ya kwana wurin wani ɗan'uwansa a Zongon can, ya yi kwana biyu yana aiki, ya dawo. A farko abin yana tafiya, motoci na jere suna jiransa.

Cikin masu ba shi makulli a can akwai Musye Alasani, Bakotokole ɗan Sokode, ma'aikaci a ofishin gona, mai wata tsohuwar Fijo fara da yake ji da ita kamar 'yar fari. Wata safiya ya miƙa wa Yaya makullin a gindin bishiyar darbejiya da yake ajiye ta, ya shiga ofis. Kafin azahar aka fito da shi a kwance, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Aka wuce da shi Kara, daga can Lome, bayan watanni aka dawo da shi gidansa a Kpangalam, nan cikin Sokode. Motar na can gindin darbejiya a wanke tas, makullinta na jakar Yaya.

Tare muka je duba shi, Yaya ya fito da makullin zai sa masa a hannu. Musye Alasani ya girgiza kai. Bakinsa ya karkace, maganar na fita da ƙyar, amma mun ji ta sarai. Ya ce, "Riƙe, Yakubu. A gindin mota na ba ka. Ni da kaina zan zo in karɓa a can, in tuƙo shi gida." Yaya ya ce to, ya mayar da makullin jaka. Ni na ɗauka magana ce irin ta mara lafiya, wadda ake amsawa da to don a kwantar masa da hankali. Ban san cewa a wurin Yaya an riga an ƙulla ba.

Shekaru suka yi ta wucewa. Waɗanda suka kira shi Dapaong wasu suka yi ritaya, wasu aka sake mayar da su wani gari. Samarin can suka buɗe wuraren wanki da injuna masu feshi, masu motoci suka koma can. Aikin ya ragu har ya zama idan ya je bai fi ya sami 'yan motocin da za su mayar masa da kuɗin hanya ba. Bai fasa ba. Duk ƙarshen wata zai je ya share ganyen darbejiya da kashin tsuntsu daga kan Fijon nan, ya wanke ta, ya buɗe ƙofofi ta sha iska, ya bi ramukan iska da buroshi, ya sa wa tayoyi iska da famfon hannu. Tun tana tashi idan ya murɗa makulli har ta daina, sai shi da Lare su ɗan tura ta gaba ko baya don kada taya ta mutu a wuri ɗaya. Daraktoci sun zo sun tafi a ofishin, kowanne ya tambayi motar wa ce wannan, a gaya masa, ya ce a bar ta. Idan ya gama sai ya ɗauki hotonta da waya, ya dawo Sokode, ya je Kpangalam ya nuna wa mai ita.

Mun yi faɗa a kan wannan ba sau ɗaya ba, kuma har yau ban ce ni ne mara gaskiya ba. Hanyar nan tana cin mutum. Yakan dawo ƙafafunsa a kumbure, ya kwana biyu bai iya sunkuyawa ba, aikin Sokode duk ya dawo kaina da gurguwar gwiwa. Wata rana da abin ya ishe ni na ce masa, "Yaya, mutumin nan fa ba zai tashi ba. Likitoci sun sani, matarsa ta sani, duk Kpangalam sun sani."

Yana matse tsumma, bai ko ɗago ba. Ya ce, "Shi bai ce mini ya sani ba."

Na ce to ya kai wa Madam Fusena, matarsa, makullin, su san yadda za su yi da motarsu. Ya ce, "Ba ita ta ba ni ba." Na ce wannan ai taurin kai ne, ba amana ba. Ya yi 'yar dariya ya ce mai yiwuwa, amma taurin kan nasa ne, ba aro ya yi ba. Daga nan ya miƙo mini bokiti, maganar ta mutu kamar yadda take mutuwa kullum.

A 'yan shekarun nan ya tsufa ƙwarai. Sabulu ya cinye masa tafin hannu har idan ya yi alwala sai ka ga yana yamutsa fuska. Ya daina hawa bene da sauri, yakan tsaya a tsakiya ya riƙe ƙarfe ya huta. Ranar da zai yi tafiyarsa ta ƙarshe na kai shi tasha a bayan baburinmu. Ya zauna a benci yana jiran mota ta cika, ya ce, "Na gaji, Salisu." Ban taɓa jin ya faɗi haka ba. Na ce to ya zauna mana, wata mai zuwa ya je. Ya ce, "Damina ce, darbejiya na zubar da 'ya'ya. Idan suka kwana a kan fenti ba sa fita." Wannan ce maganarmu ta ƙarshe, maganar 'ya'yan darbejiya.

Ni da ƙaninsa muka kama hanya a ranar da ya rasu, muka isa Dapaong la'asar ta yi sanyi. Mutanen Zongon can sun yi masa wanka sun yi masa sutura, suna jiranmu. Lare ya ja ni gefe ya miƙo mini jakar fatar. Ya ce waɗanda suka ba da makulli a safiyar sun zo da kansu kowa ya ɗauki nasa, wasu na kuka. Na buɗe, saura ɗaya, mai ɗan zoben tagulla da na sani tun shekaru.

Kafin a yi masa salla liman ya juyo ya tambayi jama'a, kamar yadda ake yi, ko akwai wani haƙƙi ko amana ta wani a wuyan mamaci, a faɗa yanzu kafin a rufe shi. Jakar na hannuna, na ji ta yi nauyi. Na ce, "Akwai amana ɗaya, Malam. Makullin mota ne. Na ɗauke masa, zan kai wa mai shi." Liman ya ce jama'a sun shaida. Aka yi salla, aka kai shi, muka dawo. Washegari kafin mu shiga mota na leƙa harabar ofisoshin. Fijon na nan tana ƙyalli, tayoyinta baƙaƙe wuluk, bokitinsa a kife a gefe kamar yadda yake kifewa idan ya gama.

Bayan sadakar uku Yaya Rabi ta kira ni ɗaki. Ba ta da yawan magana. Ta ce, "Salisu, wannan abin ya hana shi zama a gida yana raye. Kada ya hana shi kwanciya yanzu. Ka je ka raba shi da shi." Na ce insha Allahu yau ɗin nan. A raina kuwa na riga na yanke: in miƙa makulli, in kira Lare ya raba bokitan can ga masu so, in rufe maganar Dapaong har abada. Gwiwata ba za ta iya wannan hanya ba, kuma ban ga dalilin da zai sa ta iya ba.

Da na isa Kpangalam, Madam Fusena ta tare ni a tsakar gida. Ita ma ta gaji, ana gani a fuskarta. Shekaru tana juya namiji a gado. Ta yi mini ta'aziyya, ta ga abin da ke hannuna, ta rage murya. "Ba ni nan, Malam Salisu. Akwai makanike da ke so ya saya. Ya isa haka." Na so in ba ta, Allah ya sani. Amma na faɗa a gaban gawa cewa mai shi zan kai wa. Na ce ta yi haƙuri, sai a hannunsa.

Yana zaune a kujerar guragu kusa da taga, ya rame, gashinsa ya yi fari fat. An riga an gaya masa rasuwar. Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe masa hannun hagu, wanda ke aiki, na sa makullin a ciki. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, a hankali, kalma na bin kalma da ƙyar, "Ya wanke kafin ya tafi?"

Na ce, "Ya gama wankewa, Musye."

"Har taya?"

"Har taya."

Hawaye suka zubo masa ta ido ɗaya. Ya ɗaga makullin yadda matarsa za ta gani daga bakin ƙofa. Ya ce, "Fusena, ki shaida. Yakubu ya mayar mini. Babu komai nawa a wuyansa, duniya da lahira." Na ji kamar an sauke mini tankin ruwa daga ka. Na yi hamdala, na dafa ƙasa zan miƙe.

Sai ya ce, "Kai ne Salisu, ko? Wanda ke aiki da shi?"

Na ce ni ne.

Ya miƙo hannun. "Riƙe. Zan zo in karɓa a can."

Na dubi Madam Fusena, ta sunkuyar da kai. Na dubi hannun nan a miƙe, makullin na lilo a jikin zoben tagulla. Duk hujjojin da na yi shekaru ina jera wa Yaya suna bakina, babu wadda ta ragu, babu wadda ta zama ƙarya. Amma ni ban taɓa tsayawa a inda yake tsayawa ba, a gaban mutumin, hannu a miƙe. Na karɓa. Na ce to. Na fito na zauna a kan babur na daɗe ban tayar ba, ina jin haushinsa, ina jin haushin Yaya, ina kuka.

Jakar fatar na wuyana yanzu, ƙarƙashin riga. Na gaya wa Yaya Rabi cewa an sauke wa mijinta, ta ce alhamdu lillahi, ba ta tambayi me ya sa jakar ba ta dawo ba. Na kira Lare na ce ya bar bokitan inda suke.

Allah ya jiƙan Malam Yakubu, ya gafarta masa kurakuransa, ya sa ya huta hutun da bai samu ba a duniya. Allah ya yalwata masa kabari, ya haskaka shi, ya wanke shi daga zunubi fiye da yadda ya wanke dukiyar mutane, ya karɓe shi cikin masu riƙon amana. Allah ya ba Yaya Rabi da 'ya'yansa da 'yan'uwansa haƙurin rashinsa, ya rufa musu asiri, ya albarkaci abin da ya bari. Allah ya saka wa Lare da mutanen Zongon Dapaong da suka yi masa sutura, ya ba Musye Alasani lafiya, ya ba Madam Fusena ladan jinya. Mu da muka rage Allah ya sa mu cika da imani. Ni kuma ƙarshen wata ya matso, darbejiya na ta zuba. Allah ya ba gwiwata ƙarfin hanya. Amin.